Siffofin Saƙa wajen Kasa Hotuna Rukuni-Rukuni: Matsalar Ma'auni da ta Nuni

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake ciro siffofin saƙa daga hotuna, a kasa hotunan rukuni-rukuni, sannan a baje su a allo. Matsayinta shi ne, idan rukunai suka fito a karkace, sau da yawa tun wajen shirya alƙaluma aka yi tuntuɓe, ba wajen rabon ba.

Gabatarwa

Saƙar hoto ita ce yadda haske da duhu ke maimaituwa a fuskarsa, abin da ke sa ido ya bambanta tabarma da yashi ko da launinsu ɗaya. A 1973 Haralick da Shanmugam da Dinstein suka gabatar da jadawalin GLCM, wanda ke ƙirga sau nawa wani matakin haske ke maƙwabtaka da wani, a tazara da kusurwar da aka zaɓa. Siffofi 14 suka ciro daga cikinsa. A 1996 kuma Ojala da Pietikäinen da Harwood suka yaɗa dabarar LBP, mai gwada kowane ɗigo da maƙwabtansa 8.

Shirya Alƙaluma

A ɗauki yankin hoto mai ɗigo 64 a tsaye, 64 a kwance. Idan aka bar matakan haske 256, jadawalin GLCM zai ƙunshi gurabe 65,536, alhali tagwayen ɗigon da ke jere a kwance 4,032 ne kacal. Ke nan fiye da kashi 90 cikin ɗari na guraben fanko ne, kuma siffar da aka ciro daga irin wannan jadawali ba abin dogaro ba ce. Rage matakan zuwa 16 yana mayar da guraben 256, lissafi ya zauna.

Matsala ta biyu ta fi ɓuya. Cikin siffofin GLCM, ta daidaito ba ta wuce 1, amma ta bambancin haske tana iya kai 65,025 a matakai 256. Dabarar rabon rukunai ta k-means, wadda MacQueen ya raɗa wa suna a 1967, da tazara take aiki, don haka siffa mai manyan lambobi ita ke yanke hukunci, sauran sai kallo. Manhaja ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta ba da rukunai kamar komai lafiya. Maganin bai wuce layi biyu ba a Python: a bi da siffofin ta StandardScaler na scikit-learn kafin a miƙa su ga KMeans.

Nuni

Siffofi goma ko ashirin ba sa zanuwa a allo sai an matse su zuwa biyu, galibi da PCA ko t-SNE, wadda van der Maaten da Hinton suka wallafa a 2008. Ita t-SNE kusancin maƙwabta take kiyayewa; girman tsibiran da take zanawa da nisan da ke tsakaninsu ba hujja ba ne. A ganinmu kuskure ne a yi rabon a kan wannan taswira. A yi shi a kan cikakkun siffofin, a auna shi da ma'aunin silhouette na Rousseeuw na 1987, taswirar kuwa a bar ta don dubawa kawai.

Wajen dubawar ma, ɗige-ɗige masu launi ba su wadatar ba. AnnotationBbox na Matplotlib yana ba da damar ɗora ƙaramin kwafin kowane hoto a kan matsayinsa a taswirar. Ta haka ne mai bincike zai gane ko saƙa ce ta haɗa wani rukuni, ko kuwa hotunan da aka ɗauka cikin inuwa ne kawai suka taru wuri guda.