Jijiyoyin Saƙo: Yadda Ƙwaƙwalwa Da Laka Ke Tafiyar Da Jikin Mutum

A Hausa kalmar jijiya ɗaya ce, amma abubuwa uku take nufi. Akwai jijiyar jini, wadda nas ke nema a hannu idan za a yi wa mutum ƙarin ruwa. Akwai wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, irin agara, wadda ke ƙin taunuwa a cikin nama. Ta ukun ita ce jijiyar saƙo, fara ce kamar zare, aikinta kai labari tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. A kanta zan yi bayani, saboda cututtukan da ke kayar da mutanenmu farat ɗaya, irin su sanƙarau da shanyewar ɓarin jiki, a nan suke sauka. Wanda ya san tsarin zai gane alamar da ba a kwana da ita a gida.

Mahaifina falken shanu ne, tsakanin Kara ta Bukuru da mahautar Jos na tashi. Don haka da saniya zan riƙa ba da misali, tunda a wannan fanni ginin jikinta da namu suna kama sosai.

Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar babban mutum tana kai kilo 1.3 zuwa 1.4. Ta saniya kuwa, duk girman kan nan nata, da ƙyar take kai rabin kilo. Ƙwaƙwalwa wajen kashi 2 cikin 100 ce kacal na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da muke shaƙa. Shi ya sa in jini ya daina isa gare ta na 'yan mintuna sai ta fara lalacewa.

Kashi uku aka raba ta. Babban ɓangaren da ya cika ƙoƙon kai shi ke kula da tunani, magana, gani, ji, da motsin da mutum ya yi niyya. Rabi biyu ne, kuma aikinsu a gicciye yake: na hagu ke juya ɓarin jiki na dama, na dama ke juya na hagu. A wajen yawancin mutane cibiyar magana tana hagu. Ƙaramin ɓangaren da ke wajen ƙeya shi ke daidaita tafiya da tsayuwa. Sai tushen ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, wanda ke riƙe da numfashi da bugun zuciya. Tantani uku ne suka lulluɓe ta, da wani ruwa garai-garai da take zaune a ciki.

Laka

Idan mahauci ya tsaga saniya biyu ta gadon baya, za ka ga wata farar igiya mai laushi kwance a cikin ramin ƙashin baya. Ita ce laka, kuma daban take da ɓargon da ake tsotsa a ƙashin ƙafa. A jikin mutum tsawonta wajen santimita 45 ne. Jijiyoyi 31 ke fita daga kowane gefe nata zuwa hannuwa, ƙirji, ciki da ƙafafu. Wasu 12 a kowane gefe kuma daga ƙwaƙwalwa suke fitowa kai tsaye, su tafi ido, kunne, hanci, harshe da fuska.

Laka kamar babban titin Lokoja take: duk abin da zai gangara ko ya hau, ta nan zai bi. In ta katse a tsakiyar baya, ƙafafu sun tafi, har da riƙe fitsari da bayan gida. In a wuya ne, hannuwa ma sun tafi, wani lokacin har numfashi. Kuma lakar da ta katse ba ta haɗewa kamar yadda ƙashi ke yi, mai ɗori ba shi da abin yi a nan.

To, wannan ya shafe mu ƙwarai. Samarinmu na hawa saman tirelar shanu zuwa Kurmi, wasu kuma okada suke yi a Legas da Ibadan. Idan mutum ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada a cicciɓe shi ta hannu da ƙafa, kada a zaunar da shi. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗora shi kan katako ko ƙofa, sannan a ɗauka. Ƙashin da ya tsage yana iya yanke lakar a lokacin ɗaukar ganganci. Hular kwano kuma ba don tsoron jami'ai ake sa ta ba, ƙoƙon kai take karewa.

Yadda saƙo ke tafiya

Ƙwaƙwalwa na ɗauke da ƙwayoyin saƙo kusan biliyan 86. Kowace tana tura saƙo a matsayin ɗan ƙaramin lantarki, in ya kai ƙarshenta sai ta saki wani sinadari ya tsallaka zuwa ta gaba. A jijiyoyi mafi sauri saƙon na gudun mita 120 a daƙiƙa ɗaya. Wasu jijiyoyin suna hawa da labarin zafi, sanyi ko taɓi, wasu suna saukowa da umarni zuwa tsoka.

Ba kowane saƙo ke jiran ƙwaƙwalwa ba. Ka taɓa butar mai shayi da zafinta, hannunka zai janye kafin ka ji zafin sosai, domin laka ce ta yanke hukunci. Akwai kuma sashen da ke aiki ba da izininka ba. Ranar da bijimi ya tsinke igiya a Kara, zuciya na dukan uku-uku, baki ya bushe, zufa ta karyo. In an kama shi, wani reshen na wannan sashe ya sassauta bugun zuciya, ya mai da jiki daidai. Tramadol da kodin a mahaɗar ƙwayoyin nan suke aiki. Yawan tramadol na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma yana iya tsayar da numfashi.

Cututtukan da ke kama wannan tsari

Shanyewar ɓarin jiki: jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta. Alamunta baki ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe. Maganin narkar da gudan jini yana amfani ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewa ba ce. Da yawa cewa ake iska ce ta shafe shi, a yi ta hayaƙi har gari ya waye. A yi addu'ar a cikin mota, ana tafiya asibiti.

Sanƙarau: kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne. Zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare. Ya fi tashi da rani, musamman inda mutane suka cunkushe a ɗaki ɗaya. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya, amma akwai magani da allurar rigakafi.

Ciwon mahaukacin kare: ƙwayar cutar na shiga ta cizo, ta bi jijiyar saƙo a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci tafiyar wata biyu zuwa uku ce, amma cizon fuska ko wuya ya fi saurin isa. Da zarar alamu sun fito, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tashi. A wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na minti 15, a je a fara allura a ranar. Saniya ma na kamuwa: ta yi ta dalalar da yawu da kuka, ta kasa haɗiya. Kada ka zura mata hannu a baki kana neman abin da ya maƙale. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana gwada kan kare ta tabbatar ko yana da cutar, tana kuma haɗa allurar rigakafin karnuka.

Shan inna: tana lalata ƙwayoyin laka masu motsa ƙafa. A watan Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, bayan wadda aka gani ta ƙarshe a Borno a 2016, amma ɗigon yara bai ƙare ba.

Farfaɗiya: lantarkin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa na ɗan lokaci. Ba a ɗaukarta ta yawu. Kada a tura cokali a baki. A kawar da wuta da abu mai kaifi, a kwantar da mutum ta gefe. In jijjigar ta wuce minti biyar, sai asibiti.

Inda za a dosa

Nan Jos akwai asibitin koyarwa na jami'a, JUTH, a Lamingo. Mutanen Legas suna da LUTH a Idi-Araba, dab da unguwar Hausawa. Na Sabo Ibadan suna da UCH, inda Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a 1962. Mutanenmu na Ama Hausa da Lokpanta su san babban asibitin da ya fi kusa da su tun kafin buƙata ta taso. Zai yi kyau sarakunan Hausawa da shugabannin Kara su ajiye lambar direba ɗaya da za a iya tasa ko da tsakar dare, su kuma riƙa kawo mai awon hawan jini ranar kasuwa. Awon ba ya cin minti biyar. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.