Randa

Randa babbar tukunyar yumɓu ce mai faɗin baki, wadda ake girkewa a lungun ɗaki ko a inuwar tsakar gida domin ajiye ruwan sha, a rufe ta da faifai, a ɗora moɗa a kai. Ta bambanta da tulu mai siririn wuya, wanda ake ɗorawa bisa gammo a tafi rijiya. A ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, har yau akan tarar da ita a ƙofar gida ko gefen masallaci, an cika ta sadaka domin masu wucewa.

Sarrafa yumɓu ya daɗe a wannan yanki na duniya. Gumakan Nok da aka tono a kudancin Kaduna sun haura shekara 2,000. Magina kan kwaɓa yumɓu, su gina randa da hannu, su bar ta ta bushe, sannan su gasa ta a fili da kara da itace. Baƙin tabon da ke jikinta sawun wuta ne, shi ya sa ba a samun randa biyu masu kama ɗaya, kuma nan kyawunta yake. Jikinta na tsattsafo kaɗan-kaɗan, iska ta kwashe danshin, ruwan ciki ya yi sanyi har a zafin bazara.

Mutanen Japan ma sun daɗe suna daraja irin wannan kyau. Tun ƙarni na 16 masu shagalin shayi suka ɗauki tulunan manoman Shigaraki da Bizen a matsayin kayan alfarma. Abin sha'awa, zaren ya iso Nijeriya: Michael Cardew, almajirin Bernard Leach (Leach ɗin a Japan ya koyi ginin tukwane), shi ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta ke jikin naira 20, ta shiga cibiyar a 1954.

Jarka da robar ruwa sun rage wa randa kasuwa, abin takaici, domin ba su sanyaya komai. Amma a 2000 Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ci kyautar Rolex da dabarar sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke hana tumatir da ganye saurin lalacewa.