Petra Kelly (1947–1992)

Petra Karin Kelly 'yar siyasar Jamus ce, mai fafutukar zaman lafiya da kare muhalli da haƙƙin ɗan Adam. Tana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Die Grünen, wato Koraye, a 1980, kuma ta wakilce ta a majalisar dokokin tarayya ta Bundestag daga 1983 zuwa 1990. A farkon shekarun 1980 babu wata fuska da duniya ta fi sani a cikin masu adawa da makaman nukiliya a Turai kamar tata. An kashe ta a gidanta a birnin Bonn tana da shekara 44.

Tasowarta

An haife ta ran 29 ga Nuwamba, 1947, a Günzburg, wani ƙaramin gari a bakin kogin Danube a jihar Bavariya, lokacin da yankin ke hannun sojojin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sunanta na haihuwa Petra Lehmann. Mahaifinta ya bar gida tana ƙarama, don haka kakarta ta wajen uwa, wadda yaƙin ya mayar gwauruwa, ita ce ta ɗauki yawancin rainonta. Ta yi firamare a makarantar 'yan mata ta Katolika, tana shiga asibiti tana fita saboda ciwon ƙoda da bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta.

Mahaifiyarta ta sake aure da wani hafsan sojan Amurka, John Kelly, wanda Petra ta ɗauki sunansa. A 1959 iyalin suka ƙaura zuwa Amurka, suka fara zama a jihar Jojiya, daga baya Bajiniya. Yarinyar da ta fito daga ƙasar da ke fama da kunyar abin da 'yan Nazi suka aikata sai ta faɗa kudancin Amurka, inda baƙar fata da farar fata ba sa zama a aji ɗaya. A nan ta ga gwagwarmayar Martin Luther King da idonta, kuma daga gare shi ta ɗauki aƙidar da ta riƙe har ta mutu: a ƙi bin dokar zalunci a fili, a karɓi hukuncin, amma kada a ɗaga wa kowa hannu. Ta karanta harkokin ƙasa da ƙasa a American University da ke Washinton daga 1966 zuwa 1970. A 1968 ta yi wa Robert Kennedy aikin yaƙin neman zaɓe, da aka harbe shi ta koma wa Hubert Humphrey. A watan Agustan shekarar nan kuma tana Prague tare da kakarta lokacin da tankokin Tarayyar Sobiyet suka shiga birnin. Duk da shekara goma sha ɗaya da ta yi a Amurka, ba ta taɓa ajiye takardar zama 'yar Jamus ba.

Grace

Ba a fahimtar siyasar Petra Kelly sai an san labarin ƙanwarta Grace. Yarinyar ta kamu da cutar daji a ido, aka cire idon, aka yi ta yi mata gashi da na'ura a Heidelberg. Petra tana ɗaliba a wancan gefen teku, tana rubuta wasiƙu, tana tsallakowa duk lokacin da ta samu hali, har ta nema wa ƙanwar tata ganawa da Fafaroma Paul na Shida. Grace ta rasu a Fabrairun 1970 tana da shekara goma.

Petra ta yi imani cewa yawan gashin ya ƙara wa yarinyar azaba. Daga nan ta duƙufa kan karanta duk abin da ya shafi illar tururin nukiliya ga jikin mutum, na asibiti da na tashar lantarki da na bam. A 1973 ta kafa wata ƙungiya da sunan Grace don tallafa wa binciken cutar daji ta yara, da kuma neman a gina wa yara marasa lafiya wurin jinya da ba zai raba su da iyayensu da wasa ba. Mutane da yawa sun shiga adawa da nukiliya ta hanyar littafi ko muhawara. Ita kuwa daga gefen gadon asibiti ta shigo, shi ya sa idan tana magana a kan lamarin ba ta iya sassauta murya.

Daga ofis zuwa titi

Bayan digiri na biyu a Amsterdam a 1971, ta kama aiki a hukumomin Tarayyar Turai ta wancan lokaci a Brussels, inda ta daɗe a kwamitin tattalin arziki da zamantakewa. Ta shiga jam'iyyar SPD saboda ƙaunar jagoran jam'iyyar, Willy Brandt, amma ta fice a 1979, don a ganinta gwamnatin Helmut Schmidt ta rungumi makamashin nukiliya da tseren makamai hannu bibbiyu. A shekarar ce ƙungiyoyin kare muhalli suka haɗa kai suka shiga zaɓen majalisar Turai na farko, da sunanta a saman jerin 'yan takara. Sun sami kashi 3.2 cikin ɗari. Bai kai su majalisa ba, amma ya kawo musu kuɗin da doka ta tanadar wa jam'iyyu, ya kuma nuna musu cewa akwai jama'a a bayansu.

A Janairun 1980 aka kafa Die Grünen a Karlsruhe. Taron gayya ne na mutanen da ba su saba zama inuwa ɗaya ba: manoma masu ra'ayin riƙau, tsofaffin ɗaliban gurguzu, masu rajin 'yancin mata, Kiristoci masu ƙin yaƙi. Abin da ya ɗaure su ginshiƙai huɗu ne, wato kare muhalli, adalci a zamantakewa, dimokuraɗiyya daga tushe, da ƙin tashin hankali. Aka zaɓi Kelly cikin kakakin jam'iyyar uku, ta riƙe muƙamin har 1982. Ita ce ta yayata kiran Die Grünen da jam'iyya mai adawa da jam'iyyanci. Nufinta shi ne majalisa ta zama wurin da za a kai kukan masu zanga-zanga, kada ta zama tsanin hawa kujerar minista.

Rikicin makamai masu linzami

Ran 12 ga Disamba, 1979, ƙungiyar tsaro ta NATO ta yanke shawarar girke makamai masu linzami 572 a Yammacin Turai idan tattaunawa da Mosko kan makamanta na SS-20 ta ci tura. A ciki akwai Pershing II guda 108, dukkansu a Jamus ta Yamma, waɗanda za su iya isa ƙasar Sobiyet cikin mintoci kaɗan. Jamusawa da yawa sun gane cewa idan Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kaure, a tsakar gidansu za a yi.

A Nuwamban 1980 Kelly ta shiga cikin waɗanda suka fitar da Kiran Krefeld, takardar neman gwamnati ta janye amincewarta, wadda mutum fiye da miliyan huɗu suka sa wa hannu. A wannan tafiya ce ta haɗu da Gert Bastian, manjo janar da ya jagoranci runduna ta 12 ta tankokin yaƙi, ya kuma bar soja saboda ƙin shirin. Ya girme ta da shekara ashirin da huɗu, yana da iyali a Munich, amma ya zama abokin zamanta da gwagwarmayarta. Ran 10 ga Oktoba, 1981, ta yi jawabi gaban mutum kusan 300,000 a Bonn. A 1982 aka ba ta lambar Right Livelihood a Sweden.

A zaɓen 6 ga Maris, 1983, Die Grünen ta tsallake shingen kashi biyar da doka ta gindaya, ta sami kashi 5.6 da kujeru 27. Ranar buɗe majalisa sababbin wakilan suka taho a ƙafa tare da magoya bayansu, ba kwat ba laktaye, suna jan wata bishiya da gurɓataccen ruwan sama ya ƙone. Kelly ta shiga zauren da furanni a hannu, ta ajiye su kan teburinta a sahun gaba, tsakanin dattawan da shekara da shekaru ba su ga baƙuwar jam'iyya a ɗakin ba. Ita da Otto Schily da Marieluise Beck aka ɗora wa magana da yawun wakilan.

Abin da ya fi ɗaga darajarta, a ganin mai wannan rubutu, shi ne abin da ta yi wata biyu bayan haka. Laifi tudu ne, kuma a zamanin yaƙin cacar baka kowane ɓangare nasa yake takawa ya hango na wani. Akwai masu zanga-zangar zaman lafiya a Yamma da ba sa buɗe baki kan makaman Sobiyet ko kan fursunonin siyasa na Gabas. Ran 12 ga Mayu, 1983, Kelly da Bastian da wasu 'yan jam'iyyar uku suka tsallaka Balin ta Gabas, suka tsaya a dandalin Alexanderplatz suka ware ƙyallaye masu kiran a kwance ɗamara gabas da yamma. Cikin ɗan lokaci jami'an tsaro suka yi awon gaba da su. Da shugaban Jamus ta Gabas, Erich Honecker, ya karɓi tawagar jam'iyyar a ƙarshen Oktoba, sai ta je masa sanye da riga mai ɗauke da tambarin masu neman zaman lafiya na ƙasarsa, hoton maƙeri yana mayar da takobi garma. Wannan tambari ne 'yan sandansa ke yage wa matasa daga hannun riga. Ta tambaye shi gaba da gaba dalilin da ya sa yake kama mutanensa kan abin da yake yaba wa 'yan Yamma. Daga baya ita da Bastian suka janye jiki daga masu Kiran Krefeld saboda shirunsu kan Gabas, ta kuma riƙe zumunci da 'yan adawar Jamus ta Gabas irin su Bärbel Bohley har katangar Balin ta faɗi.

Duk da haka ran 22 ga Nuwamba, 1983, Bundestag ta amince da girke makaman, kuma aka girke su. Sai a Disambar 1987 Reagan da Gorbachev suka sa hannu kan yarjejeniyar INF da ta kawar da wannan rukuni na makamai baki ɗaya. Har yau masana na jayayya ko tsayuwar NATO ce ta kawo hakan ko matsin jama'a a tituna.

Saniyar ware a gidan da ta gina

Jam'iyyar tana da ƙa'idar karɓa-karɓa: wakili ya yi shekara biyu ya sauka, na bayansa ya hau. Da lokaci ya yi a 1985, Kelly ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi sauka, tana cewa ba a koyon aikin majalisa a jefar da shi rabin hanya. Daga baya jam'iyyar da kanta ta yi watsi da ƙa'idar, amma 'yan uwanta ba su yafe mata ba. Da ma suna ƙyashin yadda 'yan jarida ke binta, a jam'iyyar da ke ƙyamar a ce wane ne tauraro. Ga kuma rabuwar kai tsakanin masu son a yi sara ana duban bakin gatari, a shiga gwamnatin haɗaka, irin su Joschka Fischer, da masu cewa ko kusa. Zuciyarta na tare da na biyun, amma ba ta da rukuni, ba ta kuma iya ƙulle-ƙullen bayan fage ba.

Ita ma ba ta da sauƙin aiki. Ba ta barci sosai, tana magana kamar ruwan sama, wasiƙu daga ko'ina a duniya sun cika ofishinta kuma tana son a amsa kowace, har ma'aikata suka riƙa gajiya suna tafiya. Fargaba ta yi mata yawa, ga barazanar masu tsattsauran ra'ayi, har ta kai ba ta iya tafiya ba tare da Bastian ba. Shi ke riƙe jaka, shi ke tuƙi, shi ke shirya tikiti.

Amma a shekarun nan ne ta yi wasu ayyukanta mafi nauyi. A 1985 ta shiga zaman dirshan a ofishin jakadancin Jamus da ke Pretoria don adawa da cinikin ƙasarta da gwamnatin wariyar launin fata. Ta matsa wa Jamus ta amsa laifin ruwan bama-baman da jiragenta suka yi wa garin Guernica na Sifaniya a 1937. Ta ɗauki maganar Tibet lokacin da babu mai son ɓata wa Beijing rai, ta ƙulla abota da Dalai Lama, ta kuma shirya babban zaman sauraron bahasi kan Tibet a Bonn a Afrilun 1989.

A zaɓen Disambar 1990, na farko bayan haɗewar Jamus, Korayen Yamma suka sami kashi 4.8 suka fita daga majalisa. A 1991 Kelly ta nemi komawa kakakin jam'iyya a taron Neumünster, ta sha kaye. Ta ɗan gabatar da shirin muhalli a talabijin a 1992, bai yi nisa ba.

Mutuwarta

Ran 19 ga Oktoba, 1992, aka sami gawarta da ta Bastian a gidansu na unguwar Tannenbusch a Bonn. Bincike ya nuna cewa tun wajen 1 ga wata Bastian ya harbe ta da ƙaramar bindigarsa tana barci a gado, sannan ya harbe kansa. Wasiƙar da yake bugawa a tafireta ta tsaya a tsakiyar kalma. Matar da a da ba ta da sakat saboda wayar tarho ta yi kusan mako uku a mace ba wanda ya buɗe ƙofa, kuma wannan ya dami abokanta matuƙa.

Da farko hukuma da jaridu da yawa sun kira abin kashe kai na mutum biyu. Babu wata shaida cewa ta yarda da hakan: ba ta bar wasiyya ba, kuma tana da tafiye-tafiye da ayyuka a gaba. 'Yar jarida Alice Schwarzer ta rubuta littafi a 1993 tana ƙalubalantar wannan suna, ta ce kisa ne a kira shi kisa, kuma gaskiyarta ce. An binne Petra Kelly a Würzburg, kusa da kabarin Grace.

Bayanta

A 1998 jam'iyyarta ta shiga gwamnatin tarayya tare da SPD, Fischer ya zama ministan harkokin waje, kuma a 1999 jam'iyyar ta goyi bayan shigar jiragen Jamus yaƙin Kosovo, abin da ya kusa tsaga ta biyu. Wannan gwamnati ce kuma ta fara shirin rufe tashoshin nukiliya, wanda ya kammala a Afrilun 2023. Gidauniyar Heinrich Böll ta ƙirƙiro lambar yabo da sunan Kelly, kuma a 2004 Wangari Maathai ta Kenya ce ta karɓa, shekarar da ta sami Nobel. Yarjejeniyar INF ta rushe a Agustan 2019. A Yulin 2024 Washinton da Balin suka sanar da shirin sake girke makamai masu linzami masu cin dogon zango na Amurka a ƙasar Jamus.