Yaran Sikawut a Birnin Paris, 1947

Ya kai mai karatu, ran Lahadi in ka shiga kasuwar Baleyara, za ka ga baƙi daga ko'ina. Ga Zabarmawa, ga Fulani da shanunsu, ga Buzaye da raƙuma, ga mutanen Kurfai sun gangaro daga Filinge. Kowa da harshensa, amma ciniki yana tafiya. To, yau zan ba ka labarin wani taro mai kama da wannan, sai dai shi ba a saye ba a sayarwa, kuma yawancin waɗanda suka cika shi samari ne. An yi shi a ƙasar Faransa, cikin watan Agusta na shekarar 1947.

Bari mu fara da sanin su wa ake kira ƴan sikawut. Ƙungiya ce ta yara da samari. Suna sa tufafi iri ɗaya, su ɗaura ƙyalle a wuya. Ana koya musu kafa tanti, da hura wuta a daji, da ƙulla igiya, da bin sawu, da taimakon wanda ya ji ciwo kafin a kai shi likita. Na san za ka ce ai ɗan makiyayi na Dallol ya san rabin wannan tun bai yi kaciya ba. Gaskiyarka. Yaran biranen Nasara ne ba su sani ba, don su aka fara abin.

Wanda ya kafa ƙungiyar wani hafsan sojan Ingila ne, sunansa Baden-Powell. Ya san ƙasashenmu na yamma, amma ba da alheri ya zo ba. A farkon 1896 yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi ta kama Sarkin Asante, Prempeh. Cikin rundunar nan har da sojoji Hausawa. Bayan nan ya yi yaƙi a Afirka ta Kudu, inda aka tsare shi a garin Mafeking kwana 217. Can ya ga yara suna kai saƙo tsakanin mayaƙa ba su ɓata. Da ya koma gida, a 1907, ya kwashi yara wajen 20 ya kai su wani tsibiri mai suna Brownsea, suka yi zango. Mafarin abin ke nan. Kafin a ce me, ƙungiya ta bazu. Ta shiga Najeriya a 1915. A 1920 aka yi babban taro na farko a Landan, aka raɗa masa suna Jambori. Daga nan ake yinsa lokaci lokaci, yau a wannan ƙasa, gobe a waccan.

Sai yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939. Taro ya tsaya. Baden-Powell ya mutu a ƙasar Kenya a 1941. Yaran da suka ci tuwo tare a Jamborin 1937 suka girma, aka ba su bindiga, suka harbi juna. Shekara 10 cur ba a sake haɗuwa ba. Shi ya sa da aka kira taron 1947, aka sa masa suna Jamborin Zaman Lafiya.

Wurin da aka zaɓa wani daji ne kusa da ƙauyen Muwason, a bakin kogin Sen, inda kogin ya yi gwiwa ya kusa kewaye dajin. Daga can zuwa Paris kamar kilomita 70 ne, wato bai kai nisan Baleyara da Yamai ba. An buɗe taro ran 9 ga Agusta. Da aka ƙidaya, aka sami mutum 24,152. Tsaya ka sake karanta wannan lamba. A wancan lokaci Yamai kanta, babban birninmu, ba ta da mutane masu wannan yawa. Gari guda ne na tantuna, da gidan waya, da asibiti, da kasuwa, da wuraren ibada. Saboda faɗinsa har aka shimfiɗa ɗan ƙaramin jirgin ƙasa yana kewaya zangon. Jirgin nan a da harsashi yake ɗauka a ganuwar yaƙi ta Majino, wadda Faransa ta gina a kan iyakarta da Jamus. Yanzu ga shi yana ɗaukar yara. A daren buɗewa aka sa musu muryar Baden-Powell da aka naɗa tun 1937, suka yi tsit suna sauraron mamaci. Ran 14 ga wata shugaban Faransa, Vincent Auriol, ya zo ya kewaya.

Cikin baƙin nan akwai samari daga ƙasashen Afirka da Faransa take mulki, har da namu yankin na Afirka ta Yamma. Kada ka ɗauka tafiya ce irin ta yau. A zamanin, wanda zai tashi daga Yamai zuwa Faransa, sai ya hau babbar mota ya sha ƙura har Faraku, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Kwatano, sannan ya hau jirgin ruwa ya yi kwanaki a kan teku. Kafin su ma, ba safai talakan ƙasarmu yake ganin Faransa ba sai in soja aka ɗauke shi. Kurfai ta san wannan, don ta ba da ƴaƴanta da yawa. Waɗannan kuwa yara ne, ba bindiga a hannunsu, an ce musu su zo su gani.

Me ya sa Faransa ta kira su? Nan ne maganar take. Shekara guda kafin nan, ran 11 ga Afrilu 1946, aka soke aikin tilas. Kakana ya sha ba mu labarinsa, yadda ake kama mutum ana cikin damina, gonarsa ta lalace, shi kuwa yana can yana ɗaukar dutse a hanya ba ko anini. Cikin watan Mayu na 1946 aka yi doka wai dukanmu mun zama ƴan ƙasa. A watan nan kuma aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, kuma kafin shekara ta ƙare Diori Hamani ya tafi majalisar Paris. Faransa ta ga iska tana juyawa. Tana so samarin da suka yi lakwal su ga girmanta da idonsu, su komo gida su ce: wannan ƙasa ba a rabuwa da ita.

Abin ma da ban mamaki. Tsofaffin Kurfai sun san labarin Babule na Shikal. A 1925 samari suka riƙa yin fareti irin na soja, suna kwaikwayon Nasara, sai kwamandan Yamai ya sa aka kama su aka kulle. Bayan shekara 22, ga Nasara da kansu suna sa wa samari kaki, suna koya musu tafiya a jere.

To, aka riƙa kwasar yaran ƙungiya ƙungiya, ana kai su yawon buɗe ido a Paris. Bari in zayyana maka abin da baƙo yake tararwa can.

Na farko hasumiyar Eifel. Ƙarfe ce zalla, an gama ta a 1889, tsawonta mita 300. Ko ka ɗora giginya goma kan juna ba su kai ta ba. In ka hau sama, mutane a ƙasa kamar tururuwa. Sai wata babbar ƙofa da Napoleon ya sa aka fara ginawa don tunawa da yaƙe-yaƙensa. A ƙarƙashinta an binne wani soja da ba a san sunansa ba, kuma tun 1923 wuta take ci a kan kabarinsa. Sai jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira metoro, an buɗe shi tun 1900. A cikinsa ba rana ba wata, ba gabas ba yamma. Sunan kowace tasha yana rubuce a bango. Wanda ya iya karatu ya sauka inda yake so, wanda bai iya ba sai ya riƙe rigar abokinsa.

Akwai kuma babban masallaci a tsakiyar birnin, mai hasumiya mita 33. An buɗe shi a 1926, don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu wajen kare Faransa a yaƙin 1914 zuwa 1918. Yaro Musulmi daga Afirka in ya tsaya a ƙofarsa, ya san da jinin su wa aka biya wannan gini.

Wannan duka shi ne abin da aka shirya a nuna. Amma ido ba ya tsayawa inda mai gida ya nuna masa. Faransa ta 1947 a gajiye take. Jamusawa sun riƙe Paris shekara 4, daga 1940 zuwa 1944. A tsallaken kogi, daura da zangon yaran, akwai wani tsohon gidan sarauta inda janar ɗin Jamus, Rommel, ya kafa hedkwatarsa a 1944. Garin Mant, wanda ke kusa, ya sha ruwan bom a shekarar nan, ba a gama gyara shi ba. Abinci kuwa sai da takarda. Mutum guda burodi giram 250 ake ba shi a yini, wato kwatan kilo, kuma jim kaɗan bayan taron aka rage ya koma 200. Ba a daina rabon burodi da takarda ba sai 1949. Ka tuna, a gida yaran nan ba su san Nasara ba sai kwamanda, da likita, da mai kanti. A Paris kuwa Nasara ne yake shara, shi yake dako, matarsa ce take tsaye a layi tun asuba tana jiran burodi. Ni dai a ganina, wannan ya fi hasumiyar Eifel zama a zuciyar yaro. Gani ya kori ji.

Babban abin kuwa a cikin zangon ya faru. Samarin Indiya sun baro gida ƙasarsu tana hannun Ingila. Suna nan Muwason, ran 15 ga Agusta, mulkin Ingila ya ƙare can. Sai suka taru a cikin dajin Faransa suka ɗaga sababbin tutoci, ta Indiya da ta Pakistan. Sun zo a matsayin talakawan Sarkin Ingila, za su koma a matsayin ƴan ƙasa biyu masu mulkin kansu. Abin bai zo da daɗi kawai ba, don a makonnin nan jini ya kwarara ƙwarai wajen raba ƙasar. Amma ka sa kanka a matsayin yaron Dakar ko na Bamako da ke zangon nan. Ba a jarida ya karanta ba. Maƙwabtan tantinsa ne.

Akwai kuma ƴan sikawut Musulmi na Aljeriya. Su sun zo da miki a zuciya. Wanda ya kafa ƙungiyarsu, Muhammad Buras, Faransawa suka harbe shi a 1941. Ran 8 ga Mayu 1945 kuma, a garin Setif, aka harbe wani ɗan sikawut mai suna Buzid Sa'al don ya ɗaga tutar Aljeriya, daga nan aka yi kisan mutane dubbai. A tsibirin Madagaska ma, tun watan Maris na 1947 ake ta yaƙi da Faransa. Ka ga ashe ana Jamborin Zaman Lafiya, amma ba ko'ina lafiyar ta kai ba.

Duk da haka kada mu rage wa taron hakkinsa. Yaron da aka saba yi wa tsawa a ƙofar ofishin kwamanda ya zauna tabarma ɗaya da yaron Amurka da na Misira. Sun yi musayar hula da ƙyalle, sun yi wasa kewaye da wuta, sun gaisa da hannun hagu yadda ƴan sikawut suke yi. A ranar rufewa aka kawo wata ƙatuwar ƙwallo mai siffar duniya, aka riƙa mirgina ta bisa hannuwan yara.

Aka kwance tantuna, kowa ya kama hanya. Ba a yi wata biyu ba, ran 10 ga Oktoba, ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma suka shiga yajin aiki, suna neman a daidaita su da Nasara. Sun yi fiye da wata biyar ba su koma ba. A Nijar kuwa, cikin shekarar nan ta 1947 aka kafa ƙungiyar sikawut, amma ba ta sami kujerarta a ƙungiyar duniya ba sai 1996. Yaron da ya ga tutar Indiya yana ɗan shekara 15, yana da 28 lokacin da aka ɗaga ta Nijar a Yamai, ran 3 ga Agusta 1960.