Gani Ya Kori Ji: Ƴan Bidar Adar da Tarihin Kiran Ga-ni-ga-ka

Adar ƙasa ce ta duwatsu da ƙarancin ruwan sama, shi ya sa tun zamanin mulkin mallakar Faransa bida ta zama sana'a ta biyu bayan noma. Da zarar an kai hatsi rumbu, sai samarin Takanamat da Afala da Barmu da Kalfu su kama hanyar Abijan ko Legas ko Kamaru, daga baya kuma Libiya da Aljeriya. Wani ya yi rani guda, wani ya share shekara biyar. Kowane gida yana da damuwa iri ɗaya, wato yadda na gida zai san halin da na nesa yake ciki.

Wasiƙa ce ta fara ɗaukar wannan nauyi. Tsoho ya kira ɗan makarantar boko ya rubuta masa da Faransanci, ko malami ya rubuta da ajami, a damƙa wa matafiyi. Sirrin gida sai ya bi ta hannun marubuci da mai karantawa kafin ya kai ga mai shi. Da rikoda ta yaɗu, kaset ya kawo sauƙi, domin uwa tana iya yin magana da bakinta, ɗanta ya ji muryarta bayan makonni. Sannan aka buɗe ɗakunan buga waya na ƴan kasuwa a birnin Tawa, inda mutum kan taso daga ƙauye ya jira kiran da aka yi masa alkawari. A shekarar 2001 kamfanin Celtel ya fara aikin wayar salula a Nijar, a hankali murya ta isa ƙauyuka. Ganin fuska ne ya rage.

A ƙasashen Turawa an daɗe da gano dabarar. A 1936 hukumar gidan waya ta Jamus ta haɗa Barlin da Laifzig da wayar da ake ganin juna. Kamfanin AT&T na Amurka ya baje na'urarsa Picturephone a bikin baje kolin duniya na birnin Niyok a 1964, ya fara sayar da aikin a 1970, amma kasuwa ta ƙi, saboda tsada da kuma rashin wanda za a kira. Faransa ma ta jarraba a garin Biyarits a 1984. Intanet ce ta karya tsadar. Skype, wanda aka kafa a 2003, ya sa kiran bidiyo ya zama kyauta, sai dai yana bukatar kwamfuta, don haka a Tawa bai wuce ɗalibai da ma'aikata masu shiga shagunan intanet ba.

Abin ya iso hannun talaka ne ta WhatsApp, wanda Jan Koum da Brian Acton suka kafa a 2009, ya ƙara kiran bidiyo a watan Nuwamba na 2016. Ya tarar da wayoyi masu araha irin su Tecno da Itel, da faifan hasken rana na cajin batir. Bai nemi mutum ya iya karatu ba. Yanzu uba yana Abijan yana kallon jaririnsa ranar suna, ana nuna masa ɗakin da ya aiko kuɗin gininsa da ragon da ake yi masa kiwo. Ganin ya zo da nasa nauyi. Ɗan bidar da a da yake aiko da «lafiya lau» a takarda ba ya iya ɓoye ramarsa, ko ɗakin da yake kwana da mutum goma.

Hanyar da wannan zumunci yake bi kuwa ba ta Adarawa ba ce. Facebook, wanda ya koma Meta a 2021, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan dubu 19. Microsoft ya sayi Skype a 2011 kan miliyan dubu 8 da rabi, ya rufe shi a watan Mayu na 2025 ba tare da jin ta bakin masu amfani da shi ba. Kamfanonin waya ma haka suke sauya hannu: Celtel ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel na ƙasar Indiya a 2010, Orange kuma da ya shigo a 2008 ya sayar da reshensa a 2019, aka samu Zamani. A watan Fabrairu na 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet ta salula a Nijar wajen kwana 10, iyalai suka koma jiran labari kamar da. Ko a ranar da komai ke tafiya daidai, kiran da ake ce wa kyauta sai an sayi kati, kuma sau da yawa ɗan bidar ne ke biya wa ɓangarorin biyu.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Wasiƙa tana zama a akwati, kaset yana jiran jika ya saurara, amma kiran bidiyo da an ajiye waya ya wuce. Wanda zai rubuta tarihin bidar Adar nan gaba zai fi samun shaida kan shekarun kaset bisa ga shekarun WhatsApp. Wasiƙun da kasetocin da suka rage suna nan a gidajen Takanamat da kewaye, gara da zafi suna cin su. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su ne suka fi kusa da su, kuma wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa ta ɗauki hoton takarda, ta naɗi muryar tsohon da ya fara zuwa Abijan, tun yana da rai.