Henry Studebaker, maƙerin da ya bar cinikin sojoji ya koma gona

Mai karatu, kai da ka san amfanin amalanke ranar kasuwa, yau tarihin wani gidan maƙera muka kawo maka daga Amurka, gidan Studebaker.

Asalinsu Jamusawa ne daga Solingen, garin da ya yi suna wajen ƙirar wuƙaƙe da takubba. Kakanninsu sun sauka Filadelfiya a 1736. Mabiya wata ɗariƙa ce ta Kirista da ake yi wa laƙabi da Danka, saboda nutsar da mutum suke yi cikin ruwa wajen baftisma. Ba su rantsuwa, ba su ado, ba su ɗaukar makami. 'Yan wannan ɗariƙa ne suka buɗe mishan a Garkida a 1923, inda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo tushe.

Uban gidan, John Studebaker, maƙeri ne mai haɗa amalanken doki a karkarar jihar Pensilbaniya. Da bashi ya yi masa katutu, a tsakiyar shekarun 1830 sai ya ƙera ƙatuwar amalanke mai rumfa, ya loda iyali da kayan ƙira, ya nausa yamma zuwa Ohayo. Dukiya dai bai tara ba. Abin da ya bar wa 'ya'yansa maza biyar shi ne sana'a da riƙon addini.

A Fabrairun 1852 biyu daga cikinsu, Henry da Clement, suka buɗe maƙera a garin South Bend na jihar Indiyana da jarin dala 68. Da fari yi wa dawakai takalmin ƙarfe da gyare-gyare ne ke ciyar da su, amalanke sai jefi-jefi. Ƙaninsu John ƙarami kuwa Kalifoniya ya tafi a 1853, lokacin rububin zinariya. Maimakon haƙa, sai ya zauna yana ƙera wa mahaƙa baro, har ya tara dala 8,000.

To, nan fa gizo ke saƙar. A 1857 aka kawo wa maƙerar aikin amalanke masu yawa na sojojin Amurka. Ga kuɗin da ba su taɓa gani ba, ga kuma ɗariƙarsu da ta haramta yaƙi. Henry, wanda ya fi riƙo da koyarwar gida, hankalinsa bai kwanta ba. Dama can yana son noma. A 1858, da John ya dawo da kuɗinsa, Henry ya sayar masa da kasonsa, ya koma gona.

Ka ga abin da ya biyo baya. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, sojojin Arewa suka yi ta sayen amalanken Studebaker, ƙaramar maƙera ta zama babban kamfani. Suka fara mota mai lantarki a 1902, mai fetur a 1904. Masana'antar South Bend ta kai har 1963 kafin a rufe ta. Henry ya rasu a 1895 yana manomi, alhali 'yan'uwansa sun zama attajirai.

Amalanke dai ba bindiga ba ce. Hatsi take ɗauka, harsashi ma take ɗauka, kuma maƙeri ba ya bin ta bayan ta bar ƙofarsa. Clement da John sun tsaya kan cewa nasu ƙira ce. Henry ya ga tunda ya san inda kayan za su, ba zai ce ba ruwansa ba.

Kai ma da ke sayar da mai, ko babur, ko buhun hatsi, ko sa a bakin iyaka, wata rana za a zo maka da kuɗi fiye da na kasuwa, kuma ka san dajin da kayan za su shiga. Ranar nan za ka tsaya inda 'ya'yan John Studebaker suka tsaya a 1857.