Zinariyar Yawuri da Agogon Hannu: Tarihin Kayan Ado a Gaɓar Kwara

Ƙasar Yawuri, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi, ta daɗe da sanin kayan ado masu daraja, domin tana kan hanyar fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina su ƙetare kogin Kwara su nufi Gwanja neman goro, kuma ayarin da ya juyo daga can yakan haɗo da garin zinariya na ƙasar Asante. A wancan zamani da miskali ake auna zinariya, wato ma'aunin da ya ɗara giram 4 kaɗan, masu sarrafa ta kuwa su ne maƙeran fari, waɗanda aikinsu azurfa ne da tagulla da zinariya, saɓanin maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da mashi. Daga hannunsu munduwa da awarwaro da zobe suke fitowa, sau da yawa daga kuɗin azurfa na ƙetare da aka narkar.

Darajar irin waɗannan kaya ta wuce kwalliya, domin da su ake gaisuwar sarakuna. A labarin da Amadi Fatuma, jagoran Bature matafiyi Mungo Park, ya bayar, lokacin da Baturen ya iso Yawuri a 1806 ya ba wani basaraken bakin ruwa zobban azurfa biyar da albarushi da ƙanƙarar bindiga ya kai wa Sarki, basaraken ya danne su, aka ɗauka baƙon ya wuce ba gaisuwa, abin da ya jawo harin da aka kai masa a Busa, inda ya halaka.

Agogo kuwa baƙo ne na baya-bayan nan. Manomi Bakambare da masunci Basarke sun san lokaci ta hantsi da walaha da karkatar inuwa, ladan kuma da ita yake gane shigar azahar da la'asar, sai da mulkin mallaka ya kawo ofis da makaranta da kotu sannan ƙarfe kaza ya zama abin da ake kiyayewa. A daidai wannan zamani ne aka soma haƙar zinariya ta kamfanoni a Arewa, daga 1913, ta bunƙasa a shekarun 1930, kewayen Birnin Yawuri na cikin wuraren da aka haƙa, sannan ta ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin takaicin shi ne ɗanya aka riƙa fitar da ita, maƙeran ƙasar ba su ƙaru da sabon kayan aiki ko sabon ilmi ba.

Cikar tafkin Kainji a 1968 ta tashi mutane wajen 44,000, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai, ta sake fasalin kasuwannin bakin ruwa, ba da jimawa ba kuma kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya yawaita zuwa aikin hajji. Alhazai suka riƙa dawowa daga Makka da Jidda da haƙorin zinariya da agogon Seiko ko Rado ko Citizen a matsayin tsaraba, agogon mata ya shiga akwatin lefe tare da sarƙa da 'yan kunne ƙirar waje, kasuwar maƙerin fari ta yi ta raguwa har yawancin aikinsa ya koma gyara da wankin tsohon kaya.

A yau attajirin da ke son agogo mai tsada sai ya tafi Kano ko Abuja ko Dubai, inda mai kanti zai buɗe akwatin gilashi ya ɗaura masa shi a tsintsiyar hannu, ya cire ɗiya ɗaya ko biyu daga sarƙar don ta zauna daidai, ya juya bayansa ya nuna masa lamba 750, wadda ke nufin karat 18, wato kashi 75 cikin 100 zinariya ce tsantsa. Ƙarfen da ke jikin agogon Rolex ko Omega na Siwizalan ɗan kaɗan ne daga cikin farashinsa, sauran ladan ƙira ne da tacewa da suna, kuma nan ne ribar take. Matashin da ya wuni cikin rami a dajin Yawuri ko Ngaski, ya daka dutse, ya wanke garin a kwano yana juyawa har ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, ya kama su da sinadarin makuri mai cutar da jijiyoyi, ba shi da rabo a wannan riba, domin giram-giram yake sayar wa dillali a bakin rami.

A 2020 gwamnatin tarayya ta zaɓi Kebbi da Osun don gwajin shirin PAGMI na tsara ƙananan masu haƙar zinariya, kuma a watan Yulin shekarar aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari da sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5, wadda Babban Bankin Nijeriya ya saya kan naira miliyan 268. Matakin yana da kyau ta fuskar rajistar mahaƙa da samar musu kasuwa, amma ya fi karkata ga saye da ajiya, alhali buƙatar Yawuri ita ce matata da wurin koyon ƙira na zamani da zai ɗauki 'ya'yan maƙeran farin da suka rage a garuruwan Yelwa da Wara.